Kututturen da Kawu Ya Ƙona

Kawuna mai gadi ne a gandun dajin da ke bakin kogi, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar ayu. Kira ayu kifi a gabansa ka ga tashin hankali. "Kifin gidanku ne yake ba ɗansa nono? Kifi ne yake leƙo hanci ya shaƙi iska?" Masu kafa wa ayu raga kuwa, ko tarinsa suka jiyo, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Bayan ayu, sai tsafta. Kawu ko ganye ne ya faɗo sai ya harare shi.

Akwai wata malama mai bincike da take zuwa duk damina, ta durƙusa gaban wani ruɓaɓɓen kututture a kurmi tana ɗaukar hoton wata 'yar jar laimar kwaɗi. Abin ya tsaya wa Kawu a rai. Mace mai daraja, gwiwa cikin ƙazanta! Wata shekara da ya ji tana tafe, ya faskare kututturen, ya cinna masa wuta, ya share wurin tas. Wai karramawa ce.

Na kai masa abinci ke nan ta iso. Ta dubi toka, ta dubi Kawu, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Baba, ina kututturen?"

"Na gyara miki, 'yata. Laimar nan ai ciyawa ce, za ta sake tsirowa."

"Ba ciyawa ba ce, Baba. Yadda ayu ba kifi ba ne, ita ma ba tsiro ba ce. Jikinta yana cikin ruɓaɓɓen icen nan kamar zare, laimar kawai take turowa waje. Na karaɗe kurmin nan kaf, nan kaɗai na same ta. Ayu yana da doka, yana da kai. Ita ba ta da kowa."

Innalillahi! Kawu ya dubi tokar. Tsintsiya ta suɓuce daga hannunsa.

"Ashe ni ne mai ragar," ya ce.

Tun ranar, duk icen da ya faɗi sai ya ja shi inuwa, kuma kaiconka idan ka taɓa shi da sunan makamashi. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, zai je ya durƙusa, gwiwa cikin taɓo, yana leƙa ruɓaɓɓen ice. Har yau bai ga jar laimar ba.