Bakhita, Mai Duba Hannu Kafin Kwalba

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta sauka daga bas a ƙofar asibiti, ta gyara farin tob ɗinta, mayafin matan Sudan, ta buɗe ƙaramar tagar ɗakin gwaji, wanda a nan Umdurman ake kira ma'amal. Shekara talatin da ɗaya ke nan Bakhita Ɗantsoho tana bayan tagar nan tana karɓar kwalaben jini da na fitsari. Ba likita ba ce, in ma ka kira ta haka sai ta gyara maka. An san ta da wata ɗabi'a mai hana layi tafiya: ba ta karɓar kwalba sai ta kalli hannun mai ita. An sha kai ƙararta. Takan ce takarda suna kawai take gaya mata.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Wanda yake so ya san me za a rasa, ya tambayi Fatna.

Mijin Fatna, Abdulganiyu, makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji da masana'antu, yini yake a rana yana kwance inji. Shekara biyu da suka wuce aka ce yana da ciwon hanta. Daga baya ƙuraje masu ruwa suka fara fito masa a bayan hannu, su fashe, su bar gyambo. Fatar ta zama ko murfin mota ya goga sai ta saluɓe. Abokan aikinsa suka ce ruwan batir ne. Da abin ya hau goshi da wuya, fuskar ta yi baƙi, sai aka daina cewa komai, aka dai ware masa kofin shayi. A unguwa kuwa an fara faɗin sunan da Fatna ba ta so ta ji: kuturta.

A lokacin 'yarsu Mariyamu tana wata biyar. Fatna ta daina miƙa masa ita. In yarinyar ta yi kuka yana kusa, sai uwar ta yi wuf ta ɗauke, ta ce ta jiƙa zani. Ya gane, ya koma zama yana cusa hannuwa cikin hannun jallabiya. Yayan Fatna, Adamu, ya zo ya ce ranar Juma'a zai kawo mota ya mai da ita gida da jaririyar, har a ga abin da Allah zai yi. Kullum in tana yi wa Mariyamu wanka sai ta bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko ƙurji ya fito.

Duk da haka ba ta yi sake da jinyarsa ba. Surukarta Hajja Indo ta ce mai ciwon hanta hanta ake ba shi, don haka kowace safiya Fatna na soya masa kibda, wato hanta, ta bi shi da cokali biyu na maganin ƙarin jini da aka sayo a kasuwar Suk al-Arabi.

Ranar Talata suka je awon hanta da aka saba yi masa. Fatna ce ta miƙa kwalbar, shi yana can jikin bango. Bakhita ta ɗaga ta, ta ga fitsarin kamar shayin da aka manta a wuta, ta ce mai kwalba ya zo da kansa.

"Hala, ki karɓa daga wurina mana," in ji Fatna, murya ƙasa-ƙasa, tana kiranta Hala, wato inna. "Hannunsa ba kyau."

"Shi nake so in gani, ya bitti, 'yata."

Ta kama hannun nan da kowa ke gudu, ta juya shi. Ta lura tafin lafiya lau, bayan ne kawai ya lalace. Ta sa ya naɗe jallabiya, ta ga inda rana ba ta taɓawa babu ko ƙwarzane. Ta ɗan tsikare shi a yatsa, ya zabura; kuturta kuwa kan kashe jin zafi a fata. Sai ta aika aka aro mata wata fitila mai shuɗin haske daga sashen masu ciwon fata, ta rufe tagogi, ta kira Fatna ciki. Da hasken ya sauka kan kwalbar, fitsarin ya yi wani ja mai ƙyalli kamar garwashi. Fatna ta tambaye ta mene ne wannan.

Bakhita ba ta yanke hukunci ba, ta ce wannan na likita ne. Amma ta naɗe wata kwalbar da baƙar takarda, don haske yana ɓata abin da ake nema, kuma da ta tashi aiki ita da kanta ta haye gada ta kai babban ɗakin gwaji a Khartum. Ranar Alhamis ta je ta karɓo sakamako, ta tsaya a ƙofar likitan hanta har ya duba. Ciwon sunansa forfiriya. Hantar da ta gaji ce take barin wani sinadari yana taruwa a jiki, in rana ta taɓa fata sai ta ƙone. Ba ya yaɗuwa ta taɓawa. Likitan ya ce a dai kiyaye da reza da duk abin da jininsa ya taɓa, saboda ciwon hantar.

Da Fatna ta ji cewa ƙarfen da ke cikin kibda da maganin ƙarin jini shi ke ƙara hura ciwon, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Wata takwas tana ba shi da hannunta. Bakhita ta zauna gefenta, ta ce rabin gidajen Umdurman haka za su yi. Fatna ta tashi ta yi wa yayanta waya kada ya kawo mota.

Sauran faɗan da Hajja Indo aka yi shi, da ta ji maganin shi ne a riƙa ɗibar masa jini duk bayan mako biyu don rage ƙarfen jikinsa. Ta ce ɗanta ya rame kamar kara, sannan a zuƙe ɗan abin da ya rage? Bakhita ta je har gida, ta sha shayi, ta tambaye ta ko mahaifinta bai taɓa kiran wanzami ya yi masa ƙaho ba. Tsohuwar ta amince, ta ce amma ita za ta riƙa raka shi.

Bayan wata biyar gyambunan suka kame. Hantar tana nan da ciwonta, kuma har yau in fuskarsa ta ɗan canza, Fatna ba ta iya cin abinci. Amma yana gidansa, yana aiki da safar hannu a ƙarƙashin rumfa, 'yarsa kuma a cinyarsa ta koyi zama.

Ke ce, Hala Bakhita, kika taɓa hannun da matarsa ma ta ji tsoronsa. Likitan hanta ya shaida cewa mutum huɗu kika gano masa a wannan taga, biyu daga cikinsu an riga an ware musu kwano a gida. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ga wanda zai gaji kujerarki kuwa, roƙon iyaye mata ɗaya ne. Wata rana mace za ta miƙo kwalba da goyo a bayanta, mijinta yana can jikin bango ya ɓoye hannu. Don Allah a bar layi ya jira, a ce ya matso.