Kalandar da Yaya Ya Bari a Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe biyu na rana, Allah ya karɓi ran yayana a kan kujerarsa ta aiki, a ofishin shirya tafiye-tafiye inda ya shekara ashirin da uku yana yanka wa matafiya inshora. Abokan aikinsa sun ce ya kifa kai a kan tebur kamar mai gyangyaɗi, shi ke nan. Ni ce ƙanwarsa, autar ɗakinmu. Ina wannan rubutu maigidana yana wata ƙasa mai nisa inda ya je saro kayan keken ɗinki, ba shi da lafiya, kuma takardar inshorar da ke aljihunsa ta mutu kwana biyu bayan Yaya.

Yaya, 'yan kasuwa ba su san ka da wani suna ba sai Mai Jan Biro. Duk wanda ya zauna gaban teburin nan naka mai ƙafa ɗaya gajera, wanda ka tokare da ninkakken kwali, ya san ba zai tashi da wuri ba. Sai ka ɗora tabarau a kan karan hanci, ka buɗe takarda, ka tsallake manyan rubutun da ke yi wa mutum daɗin baki, ka gangara can ƙasa inda rubutu ya ƙanƙance, ka dinga ja masa jan layi kana karantawa da ƙarfi. Wannan ba sa biya, wannan ma ba sa biya. Mutane su yi ta duba agogo suna tsaki, kai ko a jikinka. Ni kaina na sha ce maka ka cika naci, mutum ya zo da kuɗinsa ka ba shi abin da ya nema mana. Sai ka ce ai bai san abin da ya nema ba, shi ya sa ya zo wurinka.

Ban manta da wani mai sayar da agoguna da ya zo yana son inshorar da za ta biya shi idan jakarsa ta ɓata a filin jirgi, amma ya ƙi ta asibiti wai ta yi tsada. Ka dube shi ta saman tabarau ka ce, “To madalla, akwati ya samu gata. Mai akwatin fa, a hannun wa za mu bar shi?” Ya yi dariya ya ƙara kuɗin. Haka wata dattijuwa mai ciwon suga da za ta je ganin jikokinta, ta roƙe ka ka rubuta lafiyarta ƙalau don a rage mata. Ka ƙi. Ka yi mata bayani cewa ciwon da mutum ya ɓoye, ranar da ya kayar da shi kamfani zai nemi takardun likitansa na gida, ya gano, ya zame ya bar shi da asibitin baƙi. Ta biya kuɗin, ta fita tana faɗa, har da cewa ba ka da tausayi. Bayan wata biyu ta dawo da sanda, ta kwanta kwana tara a can an biya mata komai, ta tsaya bakin ƙofa tana sa maka albarka.

Amma babban alherinka, wanda ban san girmansa ba sai yanzu, shi ne kalandar nan ta bango. Ka san halin 'yan kasuwarmu. Mutum zai yanki inshora ta kwana goma sha huɗu cif, daidai da tikitinsa, don kawai a buga masa biza. Ya je can, masu kaya su ja masa rai, kwantena ta ƙi cika, ya ɗaga tikiti ya ƙara mako guda, bai ko tuna da wata takarda ba. Kai ne mai tunawa. Duk wanda ya tashi sai ka zagaye ranar ƙarewar inshorarsa da jan biro, ka rubuta laƙabinsa a ciki. Ana saura kwana ɗaya ka kira shi, in ya ce yana nan bai gama ba, ka tsawaita masa kafin ta mutu. Ba aikin ofis ba ne, ba wanda ya sa ka. Har suka saba, suka sakankance, maigidana na gaba a cikinsu. In na yi masa maganar takardarsa sai ya ce in bar shi ya ji da kaya, ai yayanki na nan.

Kai da shi kullum cikin tsokana kuke. Kana kiransa Sarkin Sauri, shi yana kiranka Malam Sharaɗi. Ranar da zai tafi ka so ya ƙara kwana goma tun daga nan, ya ce haba, wannan karon ranar da ya faɗa ranar zai dawo. Ka ce haka ya faɗa bara.

Ranar Laraba, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, ya kira ni daga can. Muryarsa ta dushe, numfashinsa yana sama-sama. Na ɗauka kukan rashinka ne, don wallahi ya yi kuka kamar yaro. Ya ce kayan ba su kammala ba, ya ɗaga tikiti zuwa mako mai zuwa, kuma ƙirjinsa ya ɗan riƙe tun safe amma gajiya ce. Na ce ya sha magani ya kwanta. Abin da na ce ke nan, Yaya. Kaina ya cika da baƙi da tabarmi da kukan Inna, ko sau ɗaya takarda ba ta faɗo mini a rai ba.

Sai ranar Asabar da matarka ta roƙe ni in je ofis in kwaso kayanka, don ta ce ƙafarta ba za ta iya taka wurin ba. Na tarar da kofin shayinka da sauran ganye a ciki, tabaranka a kan wata takarda da ka ja wa layi rabi. Ina ɗaga kai na ga kalanda. Ranar Alhamis, sha uku ga wata, a zagaye da ja, a ciki an rubuta Sarkin Sauri da rubutunka. Na ja kujerarka na zauna.

Abokiyar aikinka ta teburin kusa, baiwar Allah, ta duba kwamfuta ta faɗa mini gaskiya: inshorar maigidana ta riga ta mutu, kuma wadda ta mutu ba a tsawaita ta. Ta ce akwai kamfanin da ke yanka wa wanda ya riga ya yi nisa sabuwa, amma sai an jira 'yan kwanaki kafin ta fara aiki, kuma ba ta ɗaukar ciwon da ya riga ya fara. Ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau. Ta rage murya ta ce, “Anti, abin da kika faɗa shi zan rubuta.”

Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya, na so in ce ƙalau yake. Kalmar ta zo har bakina. Amma a kujerarka nake zaune, kuma na ji ka sau ɗari kana bayanin yadda irin wannan ƙaryar ke ƙarewa. Na ce mata ƙirjinsa na ciwo tun Laraba. Ta rubuta, ta ce to wannan ciwon dai ba ya ciki. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Na ji haushinta, na ji haushin maigidana da gaggawarsa, kai ma na ji haushinka da ka ɗauke wa mutane nauyi har suka manta nasu ne. Allah ya yafe mini.

Na kira maigidana in gaya masa, na ji yadda yake jan numfashi tsakanin kalma da kalma, sai na kasa. Na ce ya je asibiti. Ya ce bari a loda kaya tukuna, ai ko an kwantar da shi takardar Malam Sharaɗi na aljihunsa.

Yau Litinin da hantsi wayarsa ta kira ni, amma ba muryarsa ba ce. Wani ɗan kasuwa ne da suke masauki ɗaya. Ya ce sun same shi a ƙasa bakin ƙofar ɗakinsa, sun kai shi asibiti, likitoci na maganar aiki a zuciya, kuma masu karɓar marasa lafiya suna tambayar lambar inshora kafin su shigar da shi ɗakin tiyata. Ya ce takardar da ke aljihunsa ta jiƙe ba ta karantuwa, in karanto masa daga kwafin da ke gida. Na karanto masa lambar ɗaya bayan ɗaya, ban ce masa ta mutu ba, ya maimaita, ya yi godiya, ya ce in kwantar da hankalina tunda akwai wannan. Awa huɗu ke nan, bai sake kira ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa tsayuwar da ka yi wa bayinsa a kan gaskiya ta tsaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka huɗu, da abokan aikinka, da dukan matafiyan da suka rasa mai kiransu. Allah ya ba mu haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, idan ya gama yi wa Yaya addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da maigidana. Inna ba ta sani ba tukuna, ɗazu ma tana tambayata yaushe surukinta zai sauka ya zo ya yi mata gaisuwa.