Kalmar Gindin Shafi

Kakanmu ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, da gafaka rataye a wuya, har garin Mai Wurno, can gabas da Darfur. Abin da ke cikin gafakar nan shi ne mutuncin gidanmu: littafin fiƙihu na hannu, warƙa-warƙa, ba ɗinki. Mutanenmu ba sa ɗinke littafi. Malami kan zaro warƙa ya miƙa wa ɗalibi, ya biya karatunsa ya mayar. Abin da ke hana su cakuɗewa, a gindin kowane shafi akwai kalma ɗaya da aka rubuta ɓaro-ɓaro, wadda shafi na gaba zai fara da ita. Da ita Baba ke jera warƙoƙin, don ko da idonsa ya yi rauni yana iya ganinta.

Ina zawarci a gida lokacin, Turawa ba su daɗe da tafiya ba. Ni ke share zaure in shimfiɗa masa buzu, manoma su taru bayan la'asar su ɗauki karatu.

Sai yayana ya zo daga Sinnar, inda yake da kanti, da sabuwar jallabiya da ƙamshin turare. Ya ga takardun sun yi baƙi, gefensu duk ya zagwanye.

"Haba Baba, a ce littafinka ne wannan? Kawo in kai Wad Madani a juye maka shi a takarda mai kyau."

Baba bai so ba, amma ɗa ne babba, kuma ya iya baki. Na ce, "Yaya, ka dai dawo mana da tsohon." Ya ce in kama harkar tukunyata.

Magatakardan da ya kai wa gwani ne, ban ƙi ba. Rubutu kamar na inji. Amma shi ya saba da littafin da ake ɗinkewa, sai ya ɗauka kalmar gindin shafi maimaici ce, ya bar ta bai rubuta ba. Ya ce a kai wa mai ɗinki. Yaya kuwa ya san namu ba a ɗinkewa, ya kwaso ya taho yana washe baki. Ba wanda ya ce masa duba ƙasan shafi, shi ma bai duba ba.

Ranar farko Baba ya raba warƙoƙi yadda ya saba. Aka mayar, aka tara. Ya kai yatsa gindin shafi, fari fat. Ya juya wata, haka. Ya saka su yadda ya samu dama. Kwana biyu ana haka, littafi ya dagule. Ina bayan zana ina jinsa ranar da wani ɗalibi ke ja masa baƙi, ana tsakiyar babin alwala sai ga su cikin rabon gado. Wani ya tuntsire da dariya. Wallahi har yau na san muryarsa, kuma ban yafe ba.

Da Yaya ya sake zuwa, Baba ya ce, "Ina tsohon? A kawo mu gwada da shi."

Yaya ya sunkuyar da kai. Wai ya ga takarda mai sunan Allah bai kamata ta wulaƙanta ba, ya ɗaure ta da dutse ya sa a kogi. Kogi fa! Abin da ya ƙetare Chadi da Darfur bai jiƙe ba. Na tashi na zazzage masa abin da ke cikina tas, har Inna ta toshe mini baki. Shi kuma sai faɗi yake, "Ma'alesh, ma'alesh," wato a yi haƙuri, kamar shayi ya zubar.

Baba ya yi ta fama har kaka. In fito da shi hasken rana, ya kanga warƙa a fuska, ya ajiye, ya ɗauki wata. Abin da ya haddace ya haɗu, sharhin Kaka kuwa da ke rabin littafin ya ƙi. Ɗalibai suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, suka koma zauren wani malami da Baban ne ya koya masa baƙi.

Wata la'asar na ɗauko tsintsiya, Baba ya ce in bari. Ya naɗe buzunsa da kansa, ya sa a hammata, ya laluba bango ya fita. Na leƙa ta ƙofar zaure ina kallonsa har ya isa wancan zauren, ya shimfiɗa a can baya wajen takalma, ya zauna.