Ƙurajen Waken Na Allah

Na Allah manomi ne a ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, kuma mutum ne mai tsabtar tsiya. Haki ba ya kwana a gonarsa. Mu maƙwabta har tsokanarsa muke yi, mu ce da tsintsiya yake noma, ba da hauya ba.

Tsabtar nan ce ta cuce shi. Wata damina, yana da sauran ƙarfinsa, ya tuge wake guda ya ga saiwar cike da ƙananan ƙuraje. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa jajir. Nan take ya ce cuta ta shiga gonar da mahaifinsa ya bar masa. Ya tuge waken kaf ya ƙone, ya rantse ba zai ƙara haɗa wake da gero ba. Matarsa Zara'u ta ce, "Malam, ai waken kowa haka yake." Ya ce, "To kowa ya zamna da cutarshi."

Tun daga nan gero zalla yake shukawa. Kowace shekara zangarniya sai ƙara ƙanƙancewa take, ƙasar ta koma farin rairayi. Ya zargi ruwa, ya zargi iri, har bakin mutane ya zarga. Rumbunsa ya daina kai su bazara. 'Ya'yansa maza suka watse ci-rani, ba wanda ya dawo.

Sai da ya tsufa ya ji wani malamin gona, Cha'ibu, yana wa manoma bayani a kasuwar Mayahi. Wai cikin ƙurajen nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke jawo taki daga iska su ciyar da wake, ragowar ta zauna a ƙasa gero ya ci. Jan nan kuwa alama ce ta suna da rai, suna aiki. Wai idan gona ta daɗe ba wake, suna iya ƙarewa a ƙasar. Ina wurin ran nan. Na ga Na Allah ya dafa bango, wallahi tausayi ya hana ni ƙara kallonsa.

Bana ya shuka wake, da irin da Zara'u ta roƙo a gidan ƙanwarta. Ya fito a tsumbure, ganyen rawaya-rawaya. Da waken ya fara fure sai Na Allah ya kira ni gonar. Ya durƙusa da ƙyar, ya tono guda da yatsu a hankali don kada saiwar ta tsinke, ya kakkaɓe rairayin. Ya tono wani, ya ƙara tono wani.

Saiwar sumul, babu ƙurji ko ɗaya.

Ya miƙo mini ita.

"Ka gani," ya ce. "Ta yi tsabta."