Ajiyar Mai Injin Anka

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da abokin aikina da direba, za mu karɓo farantan injin niƙa uku da na rarraba tun kaka. A ɗakin bincikenmu muka zuba su da gamin ƙarfe mai nikel da molibdinam, don mu ga ko za su jure ci fiye da na kasuwa, waɗanda ke sakin ƙarfe cikin gari har tuwo ya yi duhu. Shugaban sashenmu ya gaya mini ƙarara: in ban kawo farantin da ya sha aiki an duba shi a madubin ƙara girma ba, za a rufe binciken. Na ce sai dai in motar ce ta ƙi.

Hanyar Anka shinge ne bayan shinge, kuma duk inda daji ya yi kauri sai hira ta mutu a motar. Mun karya da hoce, gurasar dawa ta yankin, da ƙuli a tasha. Hocen ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Mai injin Anka, dattijo mai fara'a, ya shiga ɗaka ya fito da farantina naɗe cikin buhu, ya sha man gyaɗa yana ƙyalli. Ko ƙwayar dawa bai taɓa gani ba.

"Baba, ba ka sa shi a inji ba?"

"Malama, ajiya kic ce. Wa ka niƙa da ajiyar mutane?"

Ashe ranar da na kawo, cewa na yi ga ajiya nan sai na dawo. Haushi ya cika ni, amma ta ina zan yi wa mai riƙon amana faɗa? Na yi godiya, muka saka a but ɗin mota.

A Bukkuyum an yi aiki da farantin sosai. Sai dai mai injin ya saba wasa haƙoran faranti duk jajibirin kasuwa, ko sun dakushe ko ba su dakushe ba. Ya bi nawa da garanda, injin wasa ƙarfe, ya goge duk sawun da nake nema, har yana ƙorafin ƙarfen ya cinye masa duwatsun wasa. Abokin aikina ya yi ta dariya. Ni kam na ce wa direba Gummi, ko ruwa ba mu tsaya sha ba.

Mun shiga Gummi da la'asar, injin yana ta ruri, mata sun jera kwanuka. Mai injin, wani matashi, ya rantse bai taɓa kwance farantin ba tun da na ɗaura. Na tura mayen ƙarfe cikin garin da ke zubowa, ya fito fari tas, ba ɓurɓushin ƙarfe ko ɗaya. Sai da na ji ƙwalla.

Da ya ɗauko sifana zai kwance farantin, wata tsohuwa ta dafe injin da hannu.

"Ɗiyata, ba ki tahiya da shi. Tun da anka sa wanga tuwonmu yab bar baƙi. Jikokina za ki maishe ma cin ƙarhe?"

"Inna, in ban kai shi an duba a madubi ba, ba za a sake zuba wani ba."

"To ki kawo madubin nan Gummi."

Sai direba ya buɗe but ya sauko da buhun Anka. Aka kwance tsohon, aka ɗaura sabo fil, Inna ta tsaya har aka niƙa dawarta ta murza garin a yatsa, sannan ta matsa.

A Gummi muka kwana, don ba a bin hanyar nan da yamma. Washegari muka iso Gusau lafiya. A madubi, ƙwayoyin gamin masu tauri sun tsaya cirko-cirko kamar tsakuwa a hanyar da ruwa ya wanke, ƙarfen da ke tsakaninsu kaɗan ya ci. Shugaba ya duba ya sake dubawa, ya ce a zuba wasu.

Tafiyar ta koya mini in auna kalmata yadda nake auna nikel. Sabon faranti na farko na Baban Anka ne, kuma da bakina zan ce masa: wannan ba ajiya ba ne, a ba shi wuya.