Kulu da Ƙwan Zabi

Kulu matar Jibo maƙwabciyata ce a Nahuce, danga ɗaya ta raba mu. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, yawancin yinina a gindin dangar nan nake yi ina kaɗi, shi ya sa kusan duk abin da ya faru a gidansu a kunnena ya faru. Ɗiyar makiyaya ce daga wajen Ruwan Bore, gajera, mai saurin tafiya. Ta yi haihuwa, amma ba ɗan da ya rayu. Sana'arta man shanu, da damina kuma ta bi zabinta cikin ciyawa ta kwaso ƙwai ta kai kasuwar Bunguɗu.

Shekarar annobar mura Jibo ya kwanta tare da jama'a. Ya tashi, jiki ya dawo, kai bai dawo ba. Sai ya saɓa fartanya ya tsaya bakin ƙofa ya rasa inda za shi. Ya yi alwala, ya zauna, ya tashi ya sake wata. Ba ya duka, ba ya zagi. Amma wata safiya aka gan shi da garwashi a kasko ya nufi rumbu, wai zai kori gara. A ranar ne ƙanensa Garba, wanda ke riƙe da gidan, ya ce sai a sa shi a turu. Ya sa aka saro gungumen ƙirya aka huda masa ramin ƙafa, aka jingine shi bayan zaure.

Kulu ta taɓa ganin mutum a turu a Tsafe, ƙuda na bin idon sawunsa. Ta ce mijinta ba hauka yake ba, kansa ne ya bushe da zazzaɓi, maiƙo yake so. A rugarsu in maraƙi ya langwaɓe, babanta ƙwai yake fasa masa a baki. Ga kuma Sule, ɗan garinmu da ke dafa wa wani Bature abinci a Gusau, ya taɓa ba da labari cewa maigidansa na shan wani abu a kwalba kowace safiya, lasitin ko me, wai daga gwaiduwar ƙwai ake tatso shi don ƙarfin ƙwaƙwalwa. Kulu ta haɗa wannan da wancan ta riƙe.

Da can akwai wasa tsakaninta da Garba, irin na ƙanen miji. Ya ce mata to yanzu yayansa ya zama maraƙi ke nan, saura a sa masa igiya a kai shi kiwo. Ta ce in maraƙi ne ai shi Garba ɗan'uwan maraƙi ne, ya zo a fasa masa nasa. Ba wanda ya yi dariya sosai. Garba ya ce ya bar mata, amma ranar da Jibo ya sake fita shi kaɗai ko ya taɓa wuta, magana ta ƙare.

Kowace safiya ina jin ƙarar ɓawo a bakin ƙwarya. Takan tsiyaye farin ta tsakanin yatsunta, ta kaɗa gwaiduwar da ɗan man shanu cikin ludayi, ta yi bismilla ta ɗura masa. Wata rana ya kira ta da sunanta, ta leƙo ta kan danga ta gaya mini. Washegari kuma ya tambaye ta ita baƙuwar wa ce. Ni dai ban ga abin ya gyaru ba, ban kuma ga ya ƙaru ba.

Da ruwa ya ɗauke zabi suka daina ƙwai, haka suke. Waɗanda ta binne cikin toka a tukunya suka fara tasowa sama in ta jefa su a ruwa, alamar sun lalace. Ta koma janye na kajinta daga ƙarƙashinsu, abin da ba a yi a nan, mata na cewa za ta kashe iri. Su ma suka ƙare. Kwanaki ludayin nan na rataye, Jibo yana ta zagaya tsakar gida yana taɓa danga. Sai ta ji cewa wata mata daga fadama na kawo ragowar ƙwan zabi ranar kasuwa. Lokacin girbi ne, gari ya watse gona, ni ma ina wajen roron wake. Ta bar shi yana barci, ta ɗaure asabarin ɗaki, ta ce kafin hantsi ya yi zafi ta dawo.

Matar ba ta iso kasuwa da wuri ba. Kulu ta jira.

Garba ne ya tsinci yayansa a mashigin gulbi, ruwa har ƙirji, yana ta kutsawa ciki da rigarsa.

Na dawo na tarar da maza a tsakar gidansu. An shigo da turun, Abdu maƙeri na tsugune da ƙusa da guduma. Jibo na zaune a tabarma, jiƙe, yana murmushi ga kowa. Sai ga Kulu da ƙwarya a ka. Ta dubi mijinta, ta dubi gungumen. Ta sauke ƙwaryar a hankali a inuwa. Ba ta gai da kowa ba, ta zauna a ƙasa ta ja zanenta ta zura ƙafarta cikin ramin.

"Buga, Malam Abdu," ta ce. "Ni na fita, ba shi ba."

Abdu ya ajiye guduma ya kau da kai. Ba namijin da zai kama ƙafar matar wani ya janye. Garba ya ce ta tashi, ta yi kamar ba da ita yake ba. Ya kira ni in yi mata magana. Na tsuguna kusa da ita, na ga ƙayar hanya a tafin ƙafarta. Rana ta karkata, aka yi kiran la'asar, ba wanda ya motsa.

"Kulu, ni na ciro shi," in ji Garba. "Da na tsaya ɗaure dami ɗaya, da yanzu gawa muke nema. Mi kike so in yi?"

Kulu ta ce in miƙo mata igiyar guga. Ta ɗaura baki ɗaya a ƙugunta, ɗayan ta naɗe da tsumma ta ɗaura a hannun Jibo. Ta ce ranar da aka ga igiyar nan a kwance, a zo da turu, ita da kanta za ta riƙe ƙafar. Garba ya ce ke nan babu kasuwa, babu bin zabi, babu neman ƙwai ko'ina. Ta dubi ƙwaryar da ke inuwa, ta ce ta ji. Sai da aka fitar da gungumen har waje ta yarda ta sha ruwa.

Ƙwan ranar su ne na ƙarshe da ta saya. Sana'a ta mutu, ta koma cin abin da Garba ya auno. Tare suke zuwa rijiya, tare suke zama bakin murhu, ita tsakaninsa da wuta. Abin da ya dame ta ɗaya ne, yakan fizge ta tana cikin sujada. Ta roƙe ni na aika a tambayi liman, ya ce sallarta na nan, ta dai ƙara wa igiyar tsawo.

Jibo ya ga wata damina da kakarta, ya rasu a ɗakinsa a kan tabarmarsa. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ba tabo ko ɗaya a ƙafarsa. Ita Kulu ce igiyar ta bar wa baƙar kanta a ƙugu, na gani da idona ranar da na taya ta wankan fita takaba.