Tasar Gishirin Malam Shu'aibu Banga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2001, Allah Ya yi wa Malam Shu'aibu Banga, malamin kimiyya a Kaura Namoda, rasuwa. Na zauna in rubuta cikin kuka, sai ga murmushi yana ƙwace mini, domin kai Shu'aibu ba ka bar mana abin tunawa ba sai mai daɗi.

Wa ya zauna da kai bai sha labarin Bajamushenka ba? Wani masanin ma'adinai ne da ya rasu tun kafin a haifi kakanninmu. Ka ce ya ƙare rayuwarsa yana auna kusurwoyin duwatsu masu ƙyalli, yana nuna cewa kowane ma'adini da siffarsa, ba ya saɓa mata, kuma yakan sa a sassaƙa siffofin da itace domin ɗalibansa su taɓa. A ɗakin malamai mukan tsokane ka, "Ina labarin kawunka na Jamus?" Sai ka ce, "Yana gaishe ku."

Ka bi sawunsa. Daga Zurmi zuwa Shinkafi a kan babur, kullum aljihu cike da tsakuwa, har maiɗakinka Mairama ta gaji da ɗinki. Magaji mai sassaƙa turmi kuwa ka mayar da shi mai sassaƙa maka siffofin duwatsu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu samarin unguwa suka leƙa tagarka, suka ga itatuwan nan jere da duwatsu, suka ce gumaka ne da kayan duba, sai sun ƙone su. Aikin rayuwarka ke nan, ga kuma sunanka. Wallahi na tsorata, na ce ka kawo mu ɓoye a rumbuna. Ka yi dariya ka ƙi. Ka tafi gidan Liman Abbati tare da samarin, ka narkar da gishiri da ruwa a tasa, ka roƙe shi ya ajiye a ɗakinsa, kada kowa ya taɓa. Da ruwan ya ƙafe, sai ga gishiri ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar sukarin kwali, daidai da ɗaya daga cikin itatuwanka. Liman ya jera su, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Subhanallahi! Wa ya koya ma gishiri awo?" Ka ce, "Wanda Ya halicce shi, Allah gafarta Malam." Samarin da suka zo da ashana suka koma neman tasa su gwada da kansu, matan unguwa suka yi ta cigiyar gishirinsu.

Samarin nan ne suka ɗauki makararka, suna kuka. Da na shiga gaisuwa, Mairama ta nuna mini tasar da ka ɗora a taga kafin ciwo ya kwantar da kai. Ruwan ya ƙafe, gishirin ya fito tsaf, ba ka nan ka gani.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya nuna maka abin da ya fi duwatsunka kyau a Aljanna. Ya ba Mairama da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Mahmuda Galadi